Mondragon: Garin da Ma'aikata Suka Mallaki Masana'antu, da Darasin Faɗuwar Fagor

A watan Fabrairun 1941 aka tura wani matashin limamin cocin Katolika zuwa Mondragon, wani ƙaramin gari da ke tsakanin duwatsu a yankin Bask na arewacin Sifen. Sunansa José María Arizmendiarrieta. Yaƙin basasar ƙasar ya ƙare a 1939, ya bar yunwa da zaman kashe wando da gaba tsakanin maƙwabta. Shi kansa limamin ya yi aikin jarida a ɓangaren da aka ci da yaƙi, har sojojin Janar Franco suka tsare shi.

Babban kamfanin garin, Unión Cerrajera, yana da makarantar koyon sana'a, amma ƙofarta a buɗe take ga 'ya'yan ma'aikatansa kawai. Da limamin ya nemi a faɗaɗa ta aka ƙi, sai ya juya ga jama'ar gari. Da gudummawar iyaye da ƙananan masu sana'a ya buɗe tasa makarantar a 1943. Biyar daga cikin ɗalibansa, Usatorre da Larrañaga da Gorroñogoitia da Ormaetxea da Ortubay, su ne suka kafa masana'antar ƙera risho a 1956. Suka haɗa haruffan sunayensu suka kira ta Ulgor, kayanta kuma suka shahara da sunan Fagor.

Abin da ya bambanta Ulgor da sauran kamfanoni shi ne iyakokin da masu ita suka gindaya wa kansu. Duk ma'aikaci yana zuba kuɗin shiga ya zama mai gida, kuma ƙuri'a ɗaya yake da ita a babban taro, ko shara yake yi ko shi ne manaja. Albashin babba ba ya wuce ninki uku na albashin ƙarami, kodayake daga baya an sassauta zuwa wajen ninki shida. Kashi 10 cikin 100 na riba na ilimi ne da ayyukan al'umma, wani kaso a adana domin ranar wuya, ragowar a rubuta a asusun kowane mamba, ba zai ɗauka ba sai ranar da ya bar aiki. Ba wani attajiri daga waje da zai sayi hannun jari ya tsaya a kansu yana neman ƙarin riba kowace shekara.

Da gwamnati ta cire su daga tsarin fansho da inshorar lafiya, bisa hujjar cewa su masu gida ne ba 'yan ƙwadago ba, sai suka kafa nasu, Lagun Aro. A 1959 suka buɗe bankin Caja Laboral, wanda ya riƙa tattara ajiyar talakawa yana ba sababbin ƙungiyoyin gama kai jari da shawara. A 1969 aka samu kantunan Eroski, a 1997 kuma jami'a.

Gargaɗin farko ya zo a 1974. Ulgor ta kumbura har mambobinta sun haura 3,000, mai aiki a kan inji bai ƙara sanin wanda ke yanke hukunci a ofis ba. Sabon tsarin auna albashi ya jawo yajin aikin mutum kusan 400, aka kori jagororin, sai bayan 'yan shekaru aka mayar da su. Darasin da aka ɗauka shi ne kada ƙungiya ta yi girman da mambobinta za su daina sanin juna. Idan wani sashe ya bunƙasa, a yaye shi ya tsaya da ƙafarsa. Arizmendiarrieta ya rasu a 1976.

Bayan Sifen ta shiga kasuwar Turai a 1986, gasa ta tsananta, shugabannin Fagor, wato Ulgor ta dā, suka ga cewa ko su girma ko a haɗiye su. Suka sayi masana'antar Wrozamet a Foland a 1999, sannan a 2005 suka sayi Brandt na Faransa da bashi mai nauyi. Dubban ma'aikatan da ke waɗannan masana'antu, da na masana'antar Fagor da ke Maroko, ba mambobi ba ne, ba su da ƙuri'a. Sai kasuwar gidaje ta Sifen ta rushe a 2008. Wanda bai gina gida ba ba ya sayen sabon firiji ko injin wanki, kayan da Fagor ke ƙerawa. Mambobi suka yi ta zaɓen rage wa kansu albashi, 'yan uwa ƙungiyoyi suka zuba ɗaruruwan miliyoyin yuro, amma a ƙarshen 2013 suka ce ba za su ƙara ba. Fagor Electrodomésticos, uwar ƙungiyoyin duka, ta durƙushe.

Abin da ya biyo baya ya nuna ƙarfin tsarin da kuma rauninsa. Mafi yawan mambobi kusan 2,000 na yankin Bask an samar musu gurbi a wasu ƙungiyoyin ko an yi musu ritaya da wuri. Wasu sun yi asarar ajiyar da suka zuba a kamfanin. Ma'aikatan waje kuwa, makomarsu ta koma hannun masu saye: kamfanin Cevital na Aljeriya ya karɓi Brandt a 2014.

A yau masu ra'ayin taƙaita bunƙasa, waɗanda ke cewa ƙasashe masu arziki su rage yawan ƙera kaya da saye domin duniya ba za ta iya ɗauka ba, suna yawan kafa hujja da Mondragon. Suna da gaskiya ta fuska ɗaya. Tambayar da ke tsorata kowa game da raguwar tattalin arziki ita ce wa zai rasa abincinsa, kuma Mondragon ta nuna cewa idan ma'aikata ne masu gida, ana iya raba asara yadda ba za ta murƙushe mutum ɗaya ba. Amma mallakar ma'aikata kaɗai ba ta hana kwaɗayin girma, kuma kwaɗayi mabuɗin wahala ne ko da hannu dubu ne ke riƙe da kamfani.

Rukunin ƙungiyoyin gama kai na Mondragon yana nan da ma'aikata wajen 70,000, muhawarar kuma ba ta mutu ba. A Disambar 2022 mambobin Orona da Ulma, biyu daga cikin ƙungiyoyi mafi riba, suka kaɗa ƙuri'ar ficewa domin su riƙa yanke wa kansu hukunci. Duk mai son koyi da wannan gari, ya fara da ƙa'idojin da suka riƙe shi shekaru da dama: iyakar albashi, iyakar girma, ajiya kafin rabo, da ƙuri'a ga duk wanda guminsa ke cikin aikin, a gida ne ko a waje.