Minti Uku na Turawa da Bakandamiyar Narambaɗa



Kwanaki wani ƙanena ya turo mini bidiyon gasar waƙa ta Eurovision, ya ce: "Yaya, mu fa Hausawa ba mu da waƙar da za ta shiga irin wannan fage." Na yi dariya, amma maganar ta tsaya mini a rai.

An fara wannan gasa a 1956 a garin Lugano na ƙasar Suwizalan, da ƙasashe bakwai. A wannan gasa ce ƙungiyar ABBA ta Suwidin ta ci da waƙar Waterloo a 1974, daga nan duniya ta san su. Dokarsu ita ce waƙa kada ta wuce minti uku, kuma mutum shida kawai ke hawa dandamali.

To, mu dawo gida. Alƙalawa ce babban birnin Gobir har 1808, lokacin da mayaƙan jihadi suka ci ta, aka kashe Sarki Yunfa. Birni ya zama kufai, amma kiɗan fada bai mutu ba. A ƙasar Isa ta wancan zamani, a ƙauyen Tubali, aka haifi Ibrahim Narambaɗa, makaɗin kotso, wanda ya zama mawaƙin Sarkin Gobir na Isa Amadu. A wurin kakana na fara jin Bakandamiya, a wani tsohon kaset da sai an juya shi da biro. A cikinta Narambaɗa ya yabi ubangidansa, ya kuma auna kansa da sauran mawaƙa. Ai ka ga gasa ke nan. Alƙalanta su ne sarki da fadawa da kunnen jama'a, ladanta kuwa doki ne ko riga. Ya rasu a farkon shekarun 1960, ga shi yau duk wanda ya yi gwaninta sai a ce ya yi bakandamiyarsa. Wane kofi ya kai wannan?

Da za a kai ta Eurovision, tun a ƙofa za a mayar da ita, don ta wuce minti uku.

Maƙwabtanmu na Nijar sun yi dabara: a 1987 suka kafa gasar Ɗan Gurmu, da sunan mawaƙin Tawa, don matasa masu kiɗan zamani. Mu kuwa yau ƙauyukan Isa da Sabon Birni suna watsewa saboda 'yan bindiga, tsofaffin da suka haddace waɗannan waƙoƙi suna gudun hijira.

Don haka na ce wa ƙanena, kafin mu yi mafarkin Turai, ɗauki wayarka, je ka naɗi muryar kakanka.

Ku fa, wace waƙa za ku tura? Sai mun ji daga gare ku.