Na'urar sanyaya man giya

Na'urar sanyaya man giya, wadda makanikai ke kira kular giya, wani ƙaramin lagireto ne da ake ɗaurawa a gaban mota domin rage zafin man da ke zagayawa cikin giya mai sarrafa kanta, wato giyar otomatik. An fi buƙatarta a tsofaffin motoci, da motocin da ke ɗaukar kaya masu nauyi ko jan tirela, da waɗanda ke aiki a ƙasashe masu tsananin zafi. Aikinta shi ne tsawaita rayuwar giya mai lafiya. Ba ta gyara giyar da ta riga ta lalace.

Dalilin zafin giya

Giyar otomatik ta fara yaɗuwa ne a Amurka bayan kamfanin General Motors ya sanya Hydra-Matic a motocin Oldsmobile na shekarar 1940. A irin wannan giya, mai ne ke ɗaukar ƙarfin inji ya kai shi ga giya ta cikin wani sashe da ake kira tok kanbata. Duk lokacin da mota ke tafiya a hankali, ko tana hawan tudu, ko tana tsaye cikin cunkoso da giya a ciki, man yana gogayya sosai a wannan sashe, sai ya yi zafi.

Man giya ya fi yin aiki daidai tsakanin digiri 80 zuwa 95 a ma'aunin Selshiyos. Idan ya daɗe sama da digiri 120, yakan fara ƙonewa, launinsa ya juya daga ja zuwa ruwan ƙasa, robobin da ke toshe yoyo su ƙandare, faifan kuloci kuma su fara zamewa.

Yawancin motoci suna fitowa daga kamfani da ƙaramar na'urar sanyayawa a cikin tankin lagireto, inda ruwan inji ke ɗauke zafin man. Idan mota ta tsufa, tsatsa da datti sukan rage ƙarfin wannan sashe. Wani lokaci ma yakan huje, ruwa ya gauraya da man giya. An san motocin Nissan Pathfinder, Xterra da Frontier na shekarun 2005 zuwa 2010 da wannan matsala, kuma ruwan da ya shiga giya yakan lalata faifan kuloci cikin ɗan lokaci.

Ire-irenta

Akwai manyan nau'o'i uku. Na farko bututu ne guda da aka lanƙwasa ya bi ta cikin siraran fikafikan alminiyam. Shi ne mafi araha, amma bai kai sauran sanyayawa ba. Na biyu yana da faranti masu faɗi da mai ke bi ta cikinsu, da fikafikai a tsakani, don haka ya fi na farko aiki ko da girmansu ɗaya. Na uku faranti ne da aka jera ɗaya bisa ɗaya. Shi ne ya fi ƙarko da ƙarfin sanyayawa, kuma ya fi tsada. Daga cikin kamfanonin da ke ƙera su akwai Hayden, Derale da B&M.

Yadda ake zaɓa

Masu ƙerawa sukan rubuta jimillar nauyin motar da kowace na'ura ta dace da shi, wato nauyin mota da mutane da kaya da tirela idan akwai. Ana zaɓar wadda adadinta ya ɗara nauyin motar. Sai a auna filin da ke tsakanin ragar gaban mota da kondensar na'urar sanyaya iska, a kuma duba faɗin bututun giyar, wanda galibi milimita 8 ne ko 9.5.

A ƙasashe masu sanyi kamar Kanada, babbar na'ura na iya hana man ɗumama, shi ya sa ake haɗa ta da bawul mai karkatar da mai har sai ya yi zafi. A garuruwa irin su Sakkwato, Maiduguri da Yamai, inda zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, damuwar ita ce ƙarancin sanyayawa, musamman da yake yawancin motocin da ke kan hanya an riga an yi amfani da su a Turai ko Amurka kafin a shigo da su.

Yadda ake ɗaurawa

Hanyar da aka fi bi ita ce a haɗa sabuwar na'urar bayan ta cikin lagireto: mai ya fito daga giya, ya bi ta lagireto, ya shiga sabuwar na'urar, sannan ya koma giya. Saboda haka aikin farko shi ne gano bututun komawa. Ana cire bututu ɗaya daga lagireto, a tanadi roba, a tada inji na 'yan daƙiƙoƙi. Idan man ya fito daga bakin lagireto, wannan ne ɓangaren komawa. Idan kuwa sashen cikin lagireto ya huje, sai a sauya lagireton, ko a toshe sashen a bar sabuwar na'urar ta yi aikin ita kaɗai, muddin babba ce.

Ana ɗaura na'urar a gaban kondensa, inda iska da fanka za su same ta. Wasu suna zuwa da igiyoyin roba da ake zurawa ta cikin fikafikan lagireto, amma a tsohuwar mota ƙarfen maƙalawa ya fi aminci, domin girgiza na iya huda tsohon lagireto. Bakunan na'urar su kalli sama ko gefe, don kada iska ta maƙale a ciki.

Dole a yi amfani da tiyon da aka yi domin man giya. Tiyon fetur na yau da kullum ba ya jure zafi da matsin wannan mai. Idan an yanke bututun ƙarfe, ana ɗan buɗa bakinsa a kuma ɗaure da kilif biyu, domin tiyon da ya suɓuce a kan hanya yana iya zubar da man giya cikin 'yan mintoci. A nisantar da tiyo daga salansa, fanka da gefen ƙarfe mai kaifi, kuma kada a lanƙwasa shi har ya toshe.

Bayan ɗaurawa

Sabuwar na'ura da tiyonta suna cinye wani kaso na mai, don haka sai an ƙara irin wanda littafin motar ya ambata, misali Dexron a motocin General Motors. A yawancin motoci ana duba sandar awo ne inji na aiki, ya yi ɗumi, a wuri mai shimfiɗe, amma a tsofaffin motocin Honda ana dubawa ne jim kaɗan bayan kashe inji. Bayan ɗan gajeren tuƙi sai a sake duba mahaɗai ko akwai yoyo. A lokacin hunturu ƙura kan cushe fikafikan, sai a wanke su da ruwa mara ƙarfi.

Idan man ya riga ya yi baƙi yana warin ƙuna, ko giya na jinkirin shiga, alama ce ta lalacewar ciki, kuma gyara take buƙata kafin a yi maganar na'ura. Bayan giya ta lalace aka sauya ta, ana wanke bututun ko a sauya na'urar, domin ɓarɓashin ƙarfen da ya maƙale a ciki yana iya lalata sabuwar giyar.