Abinci da abin sha a Damagaram: daga ƙwaryar fura zuwa jarkar ɗan garuwa

Baƙon da ya sauka Zinder, wadda mutanenta ke kira Damagaram, zai lura cewa yawancin abin da ake sha a garin ba daga masana'anta yake fitowa ba. A cikin gidaje ake haɗa shi, mata ke yi, kuma ranar da aka yi ranar ake sayarwa. Fura, kunu, zoɓo da lemun citta su ne ke riƙe da kasuwar.

Tsarin garin kansa ya shafi abincinsa. Akwai Birni, unguwar fadar Sarkin Damagaram, wadda Sarki Tanimun ya kewaye da ganuwa kafin rasuwarsa a 1884. Akwai kuma Zango, inda ayarin Buzaye da fatake masu zirga-zirga tsakanin Agadas da Kano suke sauke kaya. Ta wannan hanya gishiri da dabino da cuku suka saba shigowa garin, shayi kuma ya zauna daram, ana dafa shi a kan gawayi, a sha zagaye uku, na farko da ɗaci, na ƙarshe da zaƙi.

Fura ce uwar tafiya. Masu Faransanci na ce mata "boule", sunan da bai faɗi komai ba sai siffar curinta. Ana surfa gero, a wanke, a daka shi da citta da kanumfari da barkono, a cura, a dafa curin cikin tafasasshen ruwa, sannan a mayar turmi a kirɓa har ya yi laushi. A dama da nono, wanda Fulani mata ke kawowa daga rugage. Buzaye kan ƙara dabino da cuku a tasu, ta yi nauyin da za ta riƙe matafiyi wuni guda. A ƙauyukan jihar, fura ita ce abincin rana, ba abin marmari ba, shi ya sa duk shekarar da damina ta gaza, farashin tiyar gero ne labarin farko a kowace majalisa. Mai saye ya tuna cewa da dala ake lissafi, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. In aka ce fura ta dala ashirin, sefa 100 ke nan.

Kunu kala-kala ne. Na tsamiya ya fi fitowa da azumi, na gyaɗa kan je wa mai jego da marar lafiya, koko da ƙosai kuma na safe ne. Zoɓo, wanda ƴan boko ke kira bisap, da lemun citta da ruwan kuka ana ƙulla su a leda ko a zuba a robobin da aka wanke, a sa a firji. Yara ke yawo da su cikin kula a tasha da bakin makarantu.

Giya tana nan, amma a gefe. Burkutu, wadda ake yi da dawa da aka jiƙa ta tsira, aka niƙa, aka dafa, aka bar ta ta yi tsami, tsohuwar sana'a ce a wurin Hausawan da ba su musulunta ba, ta kuma ja baya sosai yayin da Musulunci ya game karkara. Ta kwalba kuwa, wadda aka daɗe da sani ita ce Bière Niger mai hoton raƙumin dawa, wadda kamfanin Braniger na Yamai ya riƙa yi. A Zinder sai a wasu otal-otal da ƴan mashayu ake samun irinta, kuma ba a talla. Garin malamai ne, mai sayarwa ya san haka.

Wajen abin ci, abu biyu ake yi wa Damagaram kirari da su. Na farko alkaki, wanda ake yi da alkama, a soya, a tsoma cikin zuma ko narkakken sukari. Ba a kai amarya ba shi, kuma wanda ya je Zinder ya koma Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, bai riƙo alkaki ba, sai ya sha tambaya. Na biyu kilishi, wanda mahauta ke shanyawa a rana, su shafe da tunkuza da kayan yaji, su gasa sama-sama. Ƙungiyar OAPI ta yi wa kilishin Nijar rajistar asali, kamar yadda ta yi wa albasar Galmi. Sai tsire da balangu da yamma, dambu da zogale, tuwon gero da miyar kuka, da soyayyar fara in lokacinta ya zo. Kayan lambu na zuwa daga Mirriya da Gidimuni, kasuwar Dole kuma ranar Alhamis ta fi cika. Gidajen abinci masu tebur da kujera sun ƙaru tun da aka buɗe jami'a a 2010 da matatar mai ta SORAZ a 2011, amma har yau mai tuwo ta bakin hanya ta fi su ciniki.

Duk wannan sana'a a kan ruwa take tsaye, ruwa kuwa shi ne tsohon ciwon Zinder. Garin na zaune kan dutse, rijiya ba ta ba da abin kirki. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan da ake bayarwa na ɗauke babban birnin mulkin mallaka daga nan zuwa Yamai a 1926, bayan shekara 15 yana Zinder. Daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Machaya, da Arunguza, daga baya Ganaram. Da bazara, a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, famfo kan yi kwanaki a bushe a wasu unguwanni. Mai zoɓo sai ta sayi jarka wurin ƴan garuwa, kuma a daidai lokacin da aka fi neman abin sanyi ne ruwan ya fi tsada. Ba ta iya ƙara kuɗin leda, don mai saye ya saba da farashinsa, sai dai ta rage yawa ko ribarta ta tafi. A ganina nan ne ya kamata masu kula da tsabta su sa ido, domin ruwan da aka saya da tsada ba a cika yin wanke-wanke da shi yadda ya kamata ba.

Wuta ma haka. Zinder na cikin yankin da ke samun lantarki daga Najeriya, kuma da aka yanke layin a watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, firji da injin markaɗe da masu ƙanƙara duk sun ji a jikinsu. Fura ba ta damu da firji ba. Randar ƙasa da ƙwarya sun ishe ta, in dai akwai gero da nono.