Kalmar "Ask": Daga Nema Zuwa Tambaya

"Ask" aikatau ne na Ingilishi mai ɗaukar kaya biyu a kai. Da shi Bature ke tambayar hanya, da shi kuma yake roƙon alfarma ko neman rance, alhali Bahaushe ya ware tambaya daban, roƙo daban. Dalilin haka yana cikin asalin kalmar, domin tushenta na nufin nema ne.

Masana tarihin harshe sun bi sawunta har zuwa tsohon harshen da ya haifi Ingilishi da Jamusanci da yaren Holan. Danginta na nan da rai: "heischen" a Jamusanci da "eisen" a Holan duk suna nufin neman abu da ƙarfi, "iskat" kuwa a Rashanci shi ne nema. Har a Sanskirit na Indiya akwai "icchati", wato yana so.

A tsohon Ingilishi, kafin Normawa su ci Ingila a 1066, kalmar tana da fuska biyu: "ascian" da "acsian". Baƙaƙe biyu ne suka yi musayar mazauni, irin abin da kunnen Bahaushe ya saba ji a bagaruwa da gabaruwa, ko hawainiya da wahainiya. Ba wadda aka ɗauka kuskure ce a lokacin. Geoffrey Chaucer, babban marubucin Ingila da ya rasu a 1400, ya sha rubuta "axe", wato "aks". Haka ta fito a fassarar Littafi Mai Tsarki ta Miles Coverdale a 1535. Sai wajen 1600 lafazin arewacin Ingila, "ask", ya mamaye rubutu, kuma shi aka bi a fassarar Sarki James ta 1611.

Amma "aks" ba ta mutu ba. Ta ci gaba a bakin mutanen karkara a Ingila, ana kuma jin ta a tsibiran Karebiyan da tsakanin baƙar fatar Amurka, inda ta zama abin gori, ana yi wa mai furta ta kallon wanda bai yi boko ba. Wannan gori rashin adalci ne, domin lafazin ya haura shekara 1,000 a harshen. A Najeriya ma ɗalibi kan ɗaga hannu a aji ya ce "aks", malami ya tsayar da shi, ya sa shi ya maimaita har sau uku.