Koyar da Sifaniyanci a makarantun sakandaren Amurka

Sifaniyanci shi ne harshen waje da aka fi koyarwa a makarantun sakandaren Amurka, ya wuce Faransanci da Jamusanci nesa ba kusa ba. Dalili a bayyane yake: ƙasar tana maƙwabtaka da Meksiko, kuma fiye da mutum miliyan 40 a cikinta da wannan harshe suke magana a gida.

Ɗaya daga cikin shahararrun darussa a wannan mataki shi ne AP Spanish Language and Culture, wanda hukumar College Board ke tsarawa. Ana koyar da shi kusan gaba ɗaya da Sifaniyanci, ana haɗa nahawu da al'ada ta hanyar batutuwa kamar iyali da al'umma, kimiyya da fasaha, da rayuwar yau da kullum. Jarrabawarsa tana zuwa a watan Mayu, ana ba da maki daga 1 zuwa 5, kuma jami'o'i da yawa kan yafe wa mai maki mai kyau darasin farko na harshen. Ɓangaren magana ne ya fi gwada ɗalibi, domin a nan ake sa shi ya kwatanta al'adar wata al'umma mai jin Sifaniyanci da tasa, cikin minti 2 kacal.

Babbar matsalar malami ita ce aji mai gauraye. Wani ɗalibin da harshen ya tashi, bakinsa ya faɗa amma rubutunsa da gyara. Na kusa da shi kuwa a littafi kawai ya san shi. Shi ya sa makarantu da dama, musamman a Teksas da Kalifoniya, suke ware wa waɗanda suka gaji harshen a gida ajinsu daban.