Hasumiyar Agadas da hannayen da suka riƙe ta

 Ƴan'uwa masallata da ɗalibanmu na makaranta, darasin tarihi na wannan fitowa a kan babban masallacin Agadas yake, da abin da ya sa ginin ƙasa ya kai shekara 500 ana sallah a cikinsa.

Agadas ta zama mazaunin Sarkin Abzin tun ƙarni na 15. Gari ne na mahaɗar ayari: masu tahowa daga arewacin sahara nan suke sauka kafin su gangara Katsina da Kano, haka ma azalai masu ɗauko gishirin Bilma. Inda fatake suka yawaita kuwa, malamai ba sa nisa. Shehu Magili ya ratsa ƙasar Abzin a ƙarshen ƙarni na 15 kafin ya isa Kano wurin Sarki Muhammadu Rumfa. Daga baya kuma, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana saurayi ya bi malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas don ɗaukar karatu. Ke nan ɗalibin da ke riƙe da littattafan Shehu a yau yana da alaƙa da wannan gari, ko da bai taɓa taka shi ba.

Masallacin kansa ana danganta gininsa ga wani bawan Allah mai suna Zakariyya, wajen shekarar 1515, zamanin da Askiya Muhammadu na Songai ya shigar da Agadas ƙarƙashin ikonsa. Hasumiyarsa ta kai mita 27, ƙasa ce zalla da itace, tana da faɗi a gindi tana tsukewa zuwa sama. Matafiyi kan hango ta tun yana nesa da gari, ya san ya iso.

To, ga abin lura. Hasumiyar da muke gani yau an sake tayar da ita ne a 1844. Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya sauka Agadas a 1850. Ya tarar da garin ya ragu ƙwarai, ciniki ya ja baya, gidaje da yawa sun zama kufai. Amma a cikin wannan hali na talauci ya ga sabuwar hasumiya tsaye, shekara shida kacal da gama ta. Mutanen da kasuwarsu ta mutu, su ne suka haɗa hannu suka tayar da ginin da ya fi kowane gini tsawo a ƙasarsu. Jikokinsu suka ci gaba da yaɓe shi, har UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin wuraren tarihi na duniya a 2013.

Duk wanda ya dubi hoton hasumiyar zai ga itatuwa sun fito daga jikinta jeri-jeri. Aikinsu biyu ne. Suna ɗaure bangon daga ciki, kuma su ne matakalar da magina ke takawa idan za su yi yaɓe. Wato tun ranar da aka yi ginin, an bar wa na baya wurin sa ƙafa, don magabata sun san ginin ƙasa yana rayuwa ne da hannun mutane. Ruwan damina yana wanke fatarsa, iska tana kankare shi, sai a kwaɓa ƙasa a mayar masa da abin da ya rasa. Shekarar da aka fasa, tsaga takan buɗe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma haka.

Wannan al'ada ba ta tsaya a ƙarnonin da suka wuce ba. A ƙauyen Yama na jihar Tawa, magini Falke Barmu ya soma gina wa mutanensa masallacin Juma'a a 1962. Mai ƙarfi ya yi tubali, wani ya ɗebo ruwa, wani ya kawo itace. Masallacin nan na talakawa shi ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986, wadda ake ba fitattun gine-ginen ƙasashen Musulmi.

Mun kuma ga abin da kan faru idan gini ya tsufa, ruwa ya fi ƙarfinsa. A watan Agusta na 2023 wani sashe na babban masallacin Zariya, ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu, ya rufta kan masallata ana sallar la'asar, aka rasa rayuka. A watan Satumba na 2024 ruwan sama mai yawa ya kayar da tsohon masallacin Birni a Damagaram, wanda ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Masallacin da aka yi fiye da shekara 170 ana sujada a cikinsa, a damina ɗaya ya zama tudun ƙasa.

Wani zai ce, to mu shafe su da siminti mana mu huta. An gwada haka a Larabanga da ke arewacin Gana a shekarun 1970. Siminti ya kulle laima a cikin bango, gara ta cinye itatuwan, ginin ya fara zubewa daga ciki alhali waje na sheƙi. Da aka tashi gyara a farkon shekarun 2000, sai da aka ɓamɓare simintin aka koma yaɓen ƙasa irin na kakanni. Saboda haka gudummawa kaɗai ba ta wadatarwa, sai an damƙa ta a hannun maginan da suka san aikin.

Wani kuma zai ce, ai bango bango ne, me ya kai mu girmama ƙasa? Gaskiya ne ba ma neman albarka a jikin tubali, kuma ran Musulmi ɗaya ya fi kowane gini daraja. Idan rufi ya nuna alamar hatsari, a fitar da sahu waje har a gyara. Sai dai masallaci waƙafi ne. Wanda ya ba da fili da wanda ya kwaɓa ƙasa sun yi ne don ladarsu ta ci gaba da gudana bayan sun shiga kabari, kuma amanar nan tana wuyanmu. A Suratut Tauba Allah ya yabi masu raya masallatansa, malamai kuma sun ce rayawar ta haɗa da ibada a ciki da kula da ginin.

Mu dubi kanmu. Idan aka ce a haɗa kuɗin lasifika ko fanka ko sabon kafet, nan da nan hannu ke shiga aljihu, don abu ne da ido ke gani. Idan aka ce indararo ya toshe, ko azara ta ruɓe, ko ana neman ladan magini da kuɗin makuba, sai kowa ya sunkuyar da kai. Alhali indararo ɗaya da aka gyara kafin ruwan farko yana iya tsare bangon da miliyoyi ba za su maido da shi ba.

Don haka muna kira ga jama'ar kowane tsohon masallaci su ware asusun gyara daban, a san mai riƙe shi, a riƙa karanta lissafinsa a gaban jama'a. Mai dala ashirin ya ba da, mai jaka guda ya ba da, da yayyafi kogi kan cika. Ƴan'uwa da ke ci-rani su tuna da masallacin unguwarsu. Ku kuma ɗalibai, ba a neman kuɗi a wurinku. Ku zo da ƙarfinku ranar yaɓe, ku zauna da dattawa ku rubuta wa ya gina masallacinku, a zamanin wane sarki, su wane ne limamansa, tun masu sanin suna da rai.

Rani ne lokacin wannan aiki, kada mu jira hadari ya haɗu. Allah ya saka wa magabatanmu da Aljanna, ya ba mu ikon riƙe abin da suka bar mana. Amin.