Gidan Fatoma: Gadon Amana a Kasuwar Kifi ta Baga Road

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga Kasuwar Kifi ta Baga Road a Maiduguri, abin da zai fara tarbarsa shi ne ƙamshin banda da hayaniyar 'yan dako. Sai dai a bayan kwalayen tarwaɗa da ƙarfasa akwai wani mutum da ba a cika lura da shi ba, alhali a wuyansa cinikin ya rataya. Wannan mutum shi ne fatoma, mai saukar da baƙi. Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun gidan fatoma daga zamanin Turawa zuwa yau, domin a ga abin da ɗa ke gada daga ubansa a irin wannan gida.

Asalin kalmar da sana'ar

Kalmar fatoma ararriya ce daga Barebari. A harshensu "fato" gida ne, "ma" kuwa ɗafi ne mai nuna mai abu. Fatoma ke nan maigida, kuma da wannan suna na biyu aka san shi a zangunan Hausawa na Kurmi da Gwanja. Sana'ar ta girmi zuwan Turawa. Tun Kukawa, wadda Shehu Muhammadu Al-Amin Al-Kanemi ya kafa a 1814, fatake masu kanwa da goro da tufafi ba su shiga gari sai sun san gidan da za su sauke kaya.

Bayan Rabe ya rushe Kukawa a 1893, shi kuma Faransawa suka kashe shi a 1900, sai Ingilishi suka kafa Yerwa a 1907, Shehu Garbai ya tare a can. Sabon garin ya zauna a kan hanyar alhazai masu bi ta Fort Lamy zuwa Sudan, ya kuma zama matattarar fatake. Sunayen unguwanni irin su Hausari da Fezzan suna nan suna shaidar baƙin da suka sauka, har zama ya kama su.

Bariki da gidan fatoma

A zamanin mulkin mallaka masauki iri biyu ne. Akwai bariki, wanda hukuma ta gina domin Di'o da sauran Turawa masu rangadi, aka ɗora masa sarkin bariki, talakawa na kai itace da ruwa da ƙwai. Akwai kuma gidan fatoma, wanda ba shi da allo a ƙofa balle rajista. Bariki na gwamnati ne, shi ya sa ba a gadonsa. Gidan fatoma kuwa na iyali ne.

Fatoma ba ya karɓar kuɗin ɗaki. Baƙo zai kwana a zaure ko shago, ya ci tuwon gidan, a adana masa kaya da kuɗi. Idan an je kasuwa fatoma ne tafinta, shi ne dillali ko uban dillalai, shi ne kuma mai tsaya wa wanda ya ɗauki kaya bashi. Ladansa la'ada ce idan ciniki ya faɗa. In mai saye ya gudu, daga aljihunsa zai biya, domin ranar da aka ce dukiyar baƙo ta salwanta a gidansa, ranar gidan ya mutu. Abner Cohen ya bayyana irin wannan tsari a littafinsa na 1969 kan masu gidajen shanu da goro na Sabo a Ibadan.

Wajibi ne a ambaci matan gidan, waɗanda tarihi ya saba tsallakewa. Su ke ɗora tukunya ba tare da sanin yawan bakin da za su ci ba, domin mota na iya isowa da tsakar dare. Sau da yawa sunan fatoma daga madafa yake fitowa.

Zamanin banda

Kifi ya ɗaga darajar wannan sana'a bayan samun 'yancin kai. A farkon shekarun 1960 faɗin Tafkin Chadi ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, jirgin ƙasa kuma ya iso Maiduguri a 1964. Masunta Buduma da Barebari da Hausawa suna banda kifi a tsibirai da Doron Baga, a yi tafiyar kusan kilomita 200 da shi zuwa Maiduguri, daga nan manyan motoci su kwasa zuwa Onitsha da Inugu da Legas. Masunci bai san ɗan kasuwar Onitsha ba, ba su ma jin harshen juna. Fatoma ne ya san su duka biyun.

Ta haka gida ɗaya yakan ga zamani uku. Kaka ya sauki masu jakuna da raƙuma, uba ya sauki masu lodin gingimari, jika kuma yana ƙulla ciniki ta wayar salula, kuɗi ya shigo ta banki. Yaro yakan fara da kai wa baƙi ruwan alwala, ya koma ƙirga kwalaye, har ya san wanda ake ba bashi da wanda ake ba haƙuri. Idan maigida ya rasu, alƙali na iya raba ɗakuna da kuɗi bisa shari'a, amma ba ya iya raba baƙi. Su ke zaɓen wanda za su bi, wani lokaci ma su tsallake ɗan cikin gida su bi amintaccen yaron marigayi.

Jarrabawa

Gidajen sun sha gwaji. Rikicin 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 sun yanke hulɗa da masu saye na gabas, sai bayan yaƙi aka sake ƙulla ta. Farin shekarun 1970 da na 1984 ya janye tafkin, masunta suka bi ruwa zuwa cikin tsibirai. Mafi muni shi ne rikicin Boko Haram. An kai hari kasuwar a Fabrairun 2012, garin Baga ya faɗa hannun 'yan bindiga a Janairun 2015, bam kuma ya tashi a kasuwar a Maris na wannan shekarar. Sojoji suka rufe hanya, suka hana safarar kifi na tsawon shekaru. Bashin da ke tsakanin tafki da kudu ya maƙale, zaurukan da suka saba saukar fatake suka cika da 'yan gudun hijira, waɗanda ba la'adar da za a samu a kansu. A 2020 ne aka fara mayar da mutanen Baga garinsu.

Kammalawa

Tarihin waɗannan gidaje ba ya cikin fayilolin Kaduna yadda na bariki yake. Yana bakin tsofaffi da cikin litattafan bashi da aka rubuta da ajami ko boko, gara na ci. Ga ɗalibanmu masu neman batun kundin digiri, Baga Road ba ta da nisa daga jami'a. A je a zauna da dattawan kasuwar da matan da suka yi girkin, a naɗi muryarsu tun suna raye.